Igiyar da Ban Dafa Ba

Ranar da na rataye aikina a bangon ajinku, na ji abin da Maryam ta raɗa wa ta kusa da ita: "Wannan ai ko ƙanwata za ta yi, laka ce aka watsa a buhu." Kada ki sunkuyar da kai, Maryam. Babana ma haka ya ce, kuma shi da ƙarfi ya faɗa, a gaban baƙi: wai ya tura 'yarsa makaranta ta dawo masa tana wasan laka. To ku ajiye wayoyin nan, ku matso, in gaya muku yadda ake watsa lakar.

Ni ba tsohuwa ba ce, amma tun ina sakandare hannuna yake cikin wannan aiki, kuma shekarar da ta bi ta kanmu duka ta tsufar da kowa a sana'arsa.

Aikin farko da aka ba ni jabana ce, 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya da ake dafa gahawa. A Sinnar ne, lokacin ina zaune wurin gwaggona ina karatu. Wadda ta koya mini ita ce Ustaza Batul, tsohuwar malamar zane da ta bar aiki, tana zaune a wani gida kusa da layin dogo. Ta ɗora jabanar a kan kujera ta ce in zana. Na zana ta daga gaba, na zana ta daga gefe, na zana ta da inuwarta da safe, na zana ta da inuwarta da la'asar, har zangon karatu ya ƙare. Ranar da na kai mata wanda nake ganin babu na biyunsa, ta duba ta ce, "Kwayis, ya yi kyau, ya Rabi. Yanzu kin san jabana. To cire ta."

Na ce, "In cire ta in bar me, Ustaza?"

"Wa yake shan gahawa a gidanku?"

"Kakata."

"Yaushe?"

"Da hantsi, in maza sun tafi gona, gida ya yi tsit."

"To zana mini hantsin."

Na koma gida na tara diddigar gahawa na mako guda, na kwaɓa da ƙaro, na shafa duhu a tsakiyar buhu, na bar siririn wuri fari yana hawa sama kamar tururi, na liƙa bakin wani tsohon mayafin Kaka a ƙasa. Ustaza ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ya fi. Amma har yanzu kina tsoron kada a ce ba ki iya zane ba." Sana'ar ke nan gaba ɗayanta. Ki ɗauki abin da kowa yake gani har ya daina ganinsa, buta ko faifai ko murhu ko tsintsiya, ki cire siffarsa, ki bar abin da yake yi wa mutum a ƙirji. Kuma ki yi shi da jikin abin, ko da abin da ya zauna a cikinsa.

Kayan aikina ba a kanti ake sayar da su ba. Buhun algarara nake ɗaurewa a kan katako huɗu, in ja shi har ya yi ƙara kamar ganga. Baƙar lakar kogi nake ɗebowa bayan ruwa ya janye, in shanya, in daka, in tankaɗe da rariya mai laushi, domin tsakuwa ɗaya in ta ɓuya a ciki, daga wurinta tsaga za ta fara. Ƙaro shi ne gam ɗina. Ana jiƙa shi ya kwana, a tace. In ya yi yawa aikin ya yi sheƙi kamar alewa, in ya yi kaɗan lakar ta zube. Ba da ma'auni ake sani ba, da yatsa biyu ake sani. Gawayi yana ba ni baƙi, toka tana ba ni fari mai duhu, lalle yana ba ni ja mai zurfi da ba ya gudu. Abin shimfiɗa laka kuwa gargariba ce, ɗan ɓallen kaban nan da iyayenku suke shimfiɗa ƙullin kisra, siririyar wainar dawa, da shi a kan tanda. Na gwada wuƙaƙen masu zane na birni, babu wadda ta kai ta taushin hannu.

Wata matar ɗan kasuwa a Sinja ta taɓa neman in yi mata na faifai, ja wur, don ya dace da labulen falonta. Na dafa soɓo ya yi ja kamar jini, na rina zaren kaba, aikin ya fito har ni kaina na tsaya kallo. Damina ba ta ƙare ba sai ga ta da shi a hammata, ya koma ruwan ƙasa. "Ya Ustaza Rabi," in ji ta, "na sayi ja, ja ya tafi yawo." Soɓo ba ya jure haske, ranar na sani. Na ce in sake mata da lalle. Ta ce a'a, mijinta ya ce wannan ya fi kama da faifan uwarsa, ita dai ta zo ne ta gaya mini in ji kunya. Muka sha shayi ta koma da abinta.

Masu sayen aikina iri-iri ne: ma'aikatan ofis, likitoci masu son abin ratayewa a ɗakin jira, amare. Amma waɗanda suka fi nema su ne namu da suke aiki a ƙasar waje. Wanda yake gida ba ya kewar buta. Sai wanda ya yi shekaru yana alwala a famfon bene ne zai kira ki ya ce, "Ki yi mini butar babana, mai lotsattsen gindin nan." Dukansu kuma tambayarsu ɗaya: zai daɗe? Saboda wannan tambayar Ustaza Batul ta kafa mini dokar da ba a ƙetarewa. Duk abin da ya fito daga tsiro ko ya zauna a jikin mutum, kaba ne, zare ne, tsumma ne, sai an dafa shi a ruwan gishiri da ganyen darbejiya kafin ya taɓa laka. Dafuwar tana kashe ƙwan ƙwari, tana kuma fitar da maiƙo, domin ƙaro ba ya kama abin da ya sha mai. Tana da wani aikinta na ƙuruciya da ta rataye a bakin ƙofa, gara ta cinye rabinsa. Duk ɗalibar da ta yi ƙyuyar hura wuta, sai ta nuna mata shi da haɓa.

Sai shekarar gudu ta zo, yaƙi ya iso mana. Kun san ta, ba sai na ba ku labari ba, wasunku a kan kaya kuka yi barci a bayan babbar mota. Mun bar ƙauyenmu da abin da hannu zai ɗauka, muka yi kudu har Rusairis, wurin dangin mahaifiyata. Ayyukana suna jingine a bangon ɗakina, fuskarsu ga bango don kada ƙura ta hau su. Rariyata tana rataye a ƙusa. Ustaza Batul an ce ta yi gabas da jikokinta, lambarta ba ta shiga. Babu mai sayen zane a shekarar da ake neman garin tuwon asida. Na koma yi wa amare lalle, domin ko ana gudu ana aure, ina kuma rubuta wa masu shago sunan shagonsu da fenti.

A can Inna Kulu ta same ni. 'Yar ƙauyen da ke gaba da namu ce, ta san mahaifiyata tun suna 'yan mata. Ta shigo da hantsi, ta gaisa da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta sha ruwa, sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da igiyar kaba a naɗe, ba ta fi kamu shida ba, ta yi baƙi don tsufa.

"Ɗiyata, an ce ke ka maida abu hoto."

"Ina gwadawa, Inna."

"To ga angarib ɗin Malam."

Angarib, gadon igiya, kowa ya san abin da yake a wurinmu. A kansa ake haihuwarka, a kansa ake sa maka lallen aure, a kansa kuma maza suke ɗaukarka zuwa makwanci. Mijinta Malam Sanda manomin riɗi ne, gadonsa tun na aurensu ne, ana sake masa saƙa ana barin ƙafafun. Da safen da za su gudu ya rasa abin ɗaure kaya, sai ya sa wuƙa ya yanko igiyar ƙafa, wadda ake ja a ɗame gadon in ya saki. Ita ce wannan. Shi kuwa ciwon suga ya kayar da shi a hanya, maganinsa ya ƙare. A gefen wata gona aka binne shi.

"Cikin bargo anka ɗauke shi," in ji Inna Kulu. "Mutum da gadonai. Kowa ya hau nashi, shi bai hau ba."

Gidan kuma an gaya mata ya ƙone. 'Yarta Sa'adiya, mai aikin jinya a Jidda, ta gama mata takardu, tafiya ta kusa. Abin da take so shi ne ta tafi da gadon, a abin da za a bari ta shiga jirgi da shi.

Na karɓi igiyar, amma ban sa ta a aiki ba tukuna. Ku lura da wannan: zane da fensir in ya ɓaci a goge. Igiyar nan ita kaɗai ce a duniya, in ta shiga laka da ƙaro ta shiga ke nan. Don haka na sayo sabuwar igiya a kasuwa, na dafa ta yadda aka koya mini, na gangara bakin kogi na ɗebo laka, na yi gwaji. Na ja layuka suna ƙetare juna kamar saƙar gado, a miƙe, a ɗame, baƙi a ƙasa, toka a sama. Na kira ta ta gani.

Ta duba ta gefen ido. "Wanga na wa ne?"

"Gwaji ne, Inna. In ya yi miki, haka zan yi da ta Malam."

"Yana da kyau. Na kanti ne. Ba wanda ya taɓa kwana bisa wanga gado." Ta yi dariya kaɗan. "Malam da gefen dama shika kwana, fuska ga alƙibla, gwiwa a naɗe. Gadon ya san shi. Nan ya lotsa, nan ya tashi. Ni ka ɗame shi duk Juma'a, in sa ƙafa in ja, shi ko shina faɗa, wai na mai da mishi gado dutse. Kwana biyu ya sake lotsa abinai."

Bayan ta tafi na warware igiyar Malam a kan tabarma, a karon farko. Ba ta miƙe ba. Ta kwanta tana lanƙwasa, kowane lanƙwaso wurin da ta zagaye katakon gado ne shekara da shekaru. Tazararsu ba ɗaya ba ce: ta wani gefen sun matsu, ta wani gefen sun buɗe, inda nauyin mutum ya fi ja. Wasu wurare sun yi sulɓi suna ƙyalli, inda tafin hannun Inna yake kamawa, hannun da ya sha man riɗi. Na kai ta hanci. Hayaƙin itace, da turaren wuta, da wani abu da ban san sunansa ba.

Tukunyar gishiri da darbejiya tana kan wuta, ta fara tafasa. Na san abin da ruwan zafi yake yi wa kaba: zai sake ta, ta fito a miƙe, fes, ba ƙamshi, ba ƙyalli, irin ta kasuwa. Na kuma san abin da zai faru in ban dafa ba. Zan iya ɗinke igiyar a jikin buhun da zare, ba za ta faɗi ba. Amma lakar da ke gefenta ba za ta kama ta ba saboda man, za ta tsage, ta riƙa zuba kaɗan-kaɗan. Na sauke tukunyar na tafi gidan da Inna Kulu ta sauka, domin wannan ba hukuncina ba ne.

Na same ta tana tsince wake. Na yi mata bayani dalla-dalla, na ce in na dafa, aikin zai kai jikokin jikokinta. In ban dafa ba, ban san iyakar kwanansa ba, amma ba zai yi nisa ba.

"In kin dafa, mi za ya rage?"

"Igiyar, Inna."

"Igiya akwai ta kasuwa." Ta watsar da wata tsakuwa. "Jikokin jikokina sun san Malam? Ni na san shi. Ni ko ba daɗewa za ni yi ba. Kar ki dafa min miji, ɗiyata."

Matan da ke wurin suka fashe da dariya, wata ta ce, "Kulu, ke dai bakinki!" Ita ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Washegari da sassafe ta biyo ni bakin kogi, wai ita ma za ta ɗebi lakar. Na ce ta zauna, santsi gare shi. Ta tsaya tana kallon ruwan yana gangarawa arewa. "Wanga ruwa ta ƙofar garinmu za ya bi ko?" Na ce ta nan zai bi. Ta tattare zanenta ta shiga har idon sawu, ta cika ƙwarya da hannunta.

Ranar aikin na shimfiɗa buhun a ƙasa, na zuba lakar da kauri, na bi ta da gargariba. Sai na ga ban san zurfin lotsawar ba, ban san inda kafaɗa take ba, ban san inda ƙugu yake ba. Na ce, "Inna, zo ki nuna mini." Ta durƙusa, ta naɗe hannun riga, ta ɗora damtsenta a kan ɗanyar lakar ta danna, ta ɗan karkata, ta ɗaga. Ta sake dannawa ƙasa kaɗan da tafin hannu. Rami biyu marasa zurfi, ɗaya dogo, ɗaya gajere. Ban gyara su ba. Na ɗauko igiyar na sake ta a kai, ban ja ta ba, na bar ta ta kwanta yadda ta saba, na bi ta da allura ina kamawa ta baya. Na barbaɗa toka ta gefen da gadon ya tashi, na shafa lalle siriri a cikin ramin, wurin da ɗumin jiki yake zama. Ban sa ƙafafun gado ba, ban sa katako ba. Wanda bai sani ba zai ce gona ce aka hango daga sama bayan ruwa ya ɗauke.

A inuwa ya bushe, domin rana tana fasa laka. Da ta zo ɗauka, ta tsaya a gabansa har na fara tunanin ko in kawo mata kujera. Ba ta ce ya yi kyau ba. Ta ce, "Ya rame." Sannan ta ce, "Amma shi ne." Ta naɗe shi da tsohon mayafinta. A tasha yaran mota suka so su ɗora shi a sama tare da buhuna, ta ce sai dai su ɗora ta. A kan cinyarta ya tafi.

Mun dawo gida daga baya, waɗanda suka dawo. Ɗakina babu rufi, ayyukan da na jingine ruwa ya mai da su lakar da suka fito. Na sayi sabuwar rariya, na fara koyar da ku. Har yau ina dafa duk abin da zan sa a aiki, ku ma kuma za ku dafa, kada wata ta ce Ustaza Rabi ta ce a bari.

Watannin baya Sa'adiya ta kira ni daga Jidda. Bayan gaisuwa ta ce, "Rabi, abin nan naki ya fara zuba. Kullum sai mun ga baƙin gari a kan tayil, ƙarƙashin inda aka rataye shi. Ba wani magani?"

Na ce akwai. Ta nemi man da masu katako suke shafa wa kujeru ya bushe kamar gilashi, ta fesa masa sau biyu. Zai riƙe lakar, sai dai zai rufe ƙamshin, igiyar kuma za ta yi ƙyallin roba. Ko kuma ta sa a yi masa akwatin gilashi, abin da ya zuba ya tsaya a ciki. Ina cikin bayani na ji muryar Inna Kulu daga nesa tana tambayar da wa ake magana. Aka yi 'yar jayayya, sai ga ta a kan wayar, tana ɗaga murya yadda tsofaffi suke yi in sun san nesa ce.

"Ɗiyata, kina lahiya? Ya mutanen gida? Kogi ya cika bana?"

Na ce ya cika har ya taɓa gonakin gangare.

"Madalla. To ji nan, kar ki biye ma Sa'adiya, ita komi sai ta goge shi da magani. Ba a fesa mishi komi, ba a sa shi cikin gilas. Nan garin, ɗiyata, hawa na shida muke, ko ƙurar kirki ba ta isowa. Ba tsakar gida, ba kaji, ba abin da mutum za ya shara. Yanzu ko, in na yi sallar asuba, sai in ɗauki 'yar tsintsiyata. Kullum da safe ina sharar ƙasar gida. Ki bar shi ya zuba."